Daga Ajinmu: Ina Zaƙi Yake Fitowa?

Ran nan a ajinmu a Kakuri muka ba yara dafaffen rogo, muka ce kowa ya yi ta tauna, kada ya haɗiye. Jim kaɗan wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, ya soma zaƙi!" To, wa ya sa masa sukari?

Ga yadda abin yake. Sukari ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai gulukos, wanda jini yake kai wa dukan gaɓoɓi su sami ƙarfi. Akwai furuktos, na cikin zuma da mangwaro, shi ya fi duka zaƙi. In waɗannan biyu suka haɗu ɗaya da ɗaya, sai su zama sukuros, wato sukarin rake da muke jefawa a shayi. Na cikin madara kuwa, laktos, zaƙinsa kaɗan ne.

Sitacin rogo da dawa da shinkafa gulukos ne zalla, an jera shi kamar tsakiya a zare. Harshe ba ya jin zaƙin jerin, sai miyau ya soma tsinka shi. Aikin da tsiron hatsi yake yi ke nan cikin kunun zaƙi.

Ashe harshe ba alƙalin kirki ba ne. Mun san wani dattijo mai ciwon sukari a Barnawa wanda ya bar sukarin kanti, ya koma zuma da mazarƙwailar Maƙarfi, yana cewa ai waɗannan na gargajiya ne. Kaito! Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, zuma kuwa yawancinta gulukos ne da furuktos. Jini ba ya tambayar inda suka fito. Mai wannan ciwo ko tuwo sai ya auna, bisa ga shawarar likita.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma, kada ya wuce wajen ƙaramin cokali 6 a yini. Kwalbar lemo guda takan zarce haka. Iyaye, mu tuna da wannan in muna ba yaro kuɗin tara, gama alewa da lemo kullum su ne masu rubar da haƙori. A sa masa gyaɗa ko ayaba a jaka, ya kuma goge baki kafin ya kwanta. Hausawa dai sun ce, zuma da zaƙi da harbi.