Jirgin Nutso Ƙirar Gida: Ruwa Ne Ke Yanke Fasali

A wannan mako filinmu zai leƙa wata sha'awa ta wasu mutane a Amurka da Turai, watau ƙera ɗan ƙaramin jirgin nutso a garejin gidansu, wanda mutum ɗaya ko biyu za su shiga su yi yawo a ƙarƙashin ruwa. Cikin waɗanda suka share wannan hanya akwai George Kittredge, tsohon kyaftin na sojan ruwan Amurka, wanda ya yi zama a jihar Maine, ya kuma riƙa sayar da zanen jiragensa masu suna K-250 da K-350. Lambar kowanne ita ce iyakar zurfinsa: ƙafa 250 da ƙafa 350, watau wajen mita 76 da mita 107.

Ashe ko sunan jirgin ma zurfi ne. Dalili kuwa shi ne, mai tsara ƙoƙon ƙarfen da mutum zai zauna a ciki, daga zurfi yake fara lissafi, tun bai yi zancen kujera ko taga ba. Duk mita 10 da aka nutsa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kimanin kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. A mita 100 ke nan, murfin shiga mai faɗin santimita 50 yana ɗauke da nauyin da ya kusa tan 20. Lalle ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To, wane fasali ne zai jure wannan? Dunƙule irin na ƙwallo ya fi kowanne, don yana raba matsin daidai wa daida a ko'ina. Ƙwallon ƙarfe mai kaurin santimita 12.7 ne ya kai Jacques Piccard da Don Walsh zurfin da ya kusa mita 11,000 cikin jirgin Trieste a 1960. Amma ƙwallo yana da wuyar ƙira, ga kuma ƙuncin zama. Saboda haka masu ƙirar gida sukan zaɓi doguwar ganga mai kama da duro, su toshe bakunanta biyu da murafu masu doro. Sai dai a sani, in faɗinsu da kaurinsu ɗaya ne, wahalar da bangon ganga ke sha ta ninka ta ƙwallo sau biyu. Ba fashewa ganga take yi ba, lotsewa take yi farat ɗaya, kamar gwangwanin da aka taka. Don haka ake jera mata zobban ƙarfe tamkar haƙarƙari, a kuma auna a tabbata da'irarta ta cika, domin ɗan karkata kaɗan yana rage mata ƙarfi ƙwarai.

Sai batun girma. Kowa yana son ɗaki mai yalwa, amma jirgi ba ya nutsewa sai nauyinsa ya kai na ruwan da ya ture. Ganga mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyu da rabi tana ture ruwa wajen tan 2. Duk taƙin da mai ƙira ya ƙara don ya miƙe ƙafa, zai biya shi da ƙarin nauyi, da ƙarin kaurin bango, da babbar motar da za ta ja jirgin zuwa bakin ruwa.

Haka kuma kowane rami da aka huda a jikin ƙoƙon rauni ne, ko na murfi, ko na taga, ko na waya. Dole a kewaye shi da ƙarfe mai kauri, a nisanta shi da ɗan'uwansa, kada kuma a yanke zobe dominsa. Murfi waje yake buɗewa, don ruwa ya ƙara danne shi a mazauninsa. Kayan nauyi kamar batura ana sa su can ƙasa, sau da yawa cikin nasu bututun dabam, don kada jirgin ya kife, kuma don iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta. A ƙarƙashi kuma akan rataya dalma wadda matuƙi zai saki daga ciki in al'amari ya ɓaci, jirgin ya taso da kansa.

Tarihi ya nuna ladar tsari da kuma farashinsa. A watan Agusta na 1973 ruwa ya cika ɗakin kaya na jirgin Pisces III, ya nutse mita 480 kusa da Ayalan. Da yake ɗakin mutane ware yake, Roger Chapman da Roger Mallinson suka rayu awa 76 har aka ceto su. A watan Yuni na shekarar kuwa, jirgin Johnson Sea Link ya maƙale a gaɓar Florida. Mutum biyun da ke ɗakin gaba suka tsira, biyun da ke ɗakin baya suka rasu, domin sanyi ya raunana sinadarin da ke tsotse gurɓatacciyar iskar numfashi. Ke nan wurin tulun oksijin da na'urar tace iska, shi ake fara warewa kafin na jin daɗi.

Daga ƙarshe sai gwaji. A ƙa'ida, akan saukar da jirgi ba kowa a ciki, ya wuce zurfin da aka tsara masa, kafin ɗan Adam ya sa ƙafa. Jirgin Titan, wanda aka yi gangarsa da zaren kabon ba tare da shaidar masu binciken ingancin jirage ba, ya lotse ran 18 ga Yuni, 2023, da mutum biyar a ciki.

Saboda haka duk mai wannan buri, ya fara rubuta zurfinsa, ya bar lissafi ya yanke masa sauran, ya kuma kai waldarsa gaban masana su duba. Nutsewa ba gwaninta ba ce, ko dutse ya iya. Iya ruwa, in ji Hausawa, fid da kai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.