Abuja da Cinikin Gurbin Firimiya



Ƙungiyoyi 20 ne suka shiga gasar Firimiyar Najeriya a kakar 2025/2026. Jihar Kano na da biyu, Pillars da Barau. Katsina, Bauchi, Maiduguri, Jos, Minna da Lafiya, kowane gari da tasa. Abuja kuwa, babban birnin tarayya, inda hedikwatar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, take, inda aka gina filin wasa mai cin mutum dubu 60 saboda wasannin Afirka na 2003, ko ɗaya ba ta da ita. Abin na ci wa masoya tamaula na birnin tuwo a ƙwarya. Duk majalisar da aka tayar da zancen, a gidan kallo a Nyanya ne ko a teburin mai shayi a Kubwa, ba a rasa mai cewa: ai ga masu hannu da shuni nan jibge a Maitama da Asokoro, wani ya zaro kuɗi ya sayi gurbin wata ƙungiyar da ta gaza, ya ɗauko ta ya dire mana a Abuja, a wuce wurin.

Ni ma ina son ranar da za a ce yau ƙungiyar Abuja ce ke karɓar baƙuncin Enyimba ko Rangers. Amma ba na goyon bayan a bi ta wannan hanya, kuma dalilina yana cikin abin da ya riga ya faru a gasarmu.

Ku tuna shekarar 2019. Kada City ta Kaduna ta yi gumi a rukuni na biyu, ta samu tikitin haurowa Firimiya a farkon shekarar. Mutanen Kaduna, garin da ya san daɗin ƙwallo tun zamanin da Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988, suka ce madalla, babbar gasa ta dawo gida. Ba a gama kakar ba nauyin kuɗi ya kayar da kulob ɗin, aka sayar da gurbin ga Delta Force ta jihar Delta, wadda ba ta ci wannan matsayi a fili ba. Kafin shekarar ta fita, ita ma Delta Force ta sayar wa Kwara United, wadda ta faɗo daga gasar 'yan watanni kafin nan. Gurbi ɗaya ya tashi daga Kaduna, ya ya da zango a Delta, ya sauka a Ilori, duk a cikin shekara guda.

To, a wannan cinikin me aka sayar? Takarda ce, wadda ke cewa mai riƙe da ita yana da damar buga wasa a babbar gasa. Yaran da suka ci wasannin da suka samar da takardar, ba su ne suka tsara inda za ta je ba. Mai koyarwar da ya haɗa su, haka. Ɗan kallon da ya biya kuɗin ƙofa, ya shiga rana ya yi ihu har muryarsa ta dishe, a rediyo ya ji cewa ƙungiyarsa ta zama ta wani gari. Babu wanda ya nemi shawararsa, domin a dokar cinikin ba shi da suna. Sannan akwai wasu da ake yawan mantawa da su: ƙungiyoyin da suka faɗo tare da Kwara United amma ba su da mai saya musu gurbi. Su sai suka tafi gasar 'yan dagaji suka sake faro hawa daga ƙasa, alhali makinsu da nata duk bai kai ba.

A 2024 aka maimaita. Heartland ta Owerri ta faɗi. Beyond Limits ta Ikenne ta hauro, amma mai ita, Kunle Soname, shi ne mai Remo Stars, kuma mutum ɗaya ba zai riƙe ƙungiyoyi biyu a gasa ɗaya ba. Sai gurbin ya koma hannun Heartland. Aka ɗauko Emmanuel Amuneke ya horar da ita, aka yi kaka guda, a 2025 ta sake faɗuwa. Gurbin ya sayu, amma cutar da ta kayar da ita tun farko tana nan ba a taɓa ta ba.

Ban ga laifin mai kulob da ya sayar don ya tsira da abin da ya rage masa ba. Riƙe ƙungiya a Firimiyar Najeriya aiki ne mai cin dukiya. Wasa 38 a kaka, rabinsu a waje, mafi yawa a mota ake zuwa, yau Maiduguri, mako mai zuwa Fatakwal. Ga albashi, ga kuɗin masauki, ga alawus na wasa, ga jinyar wanda ya ji rauni. Abin da ake samu a ƙofa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa galibin ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi ne ke ɗauke da su. Ɗan kasuwa da ya shigo da aljihunsa kaɗai, in ya ji wuya, takardar nan ce kawai kadarar da zai iya mayarwa kuɗi. Laifin na tsarin da ya bar takarda ta fi garin da ya haife ta daraja ne.

Kuma don Allah kada a ce na ɓoye ɗaya ɓangaren. Kwara United da ta sayi gurbi ta zauna daram, har ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2025. Maƙwabciyarmu Nasarawa United ma asalinta Black Stars ce ta Gombe, gwamnatin Nasarawa ta karɓe ta a 2003, yau kuma mutanen Lafiya ba su da wata ƙungiya da ta wuce ta a zuciya. A Masar, attajirin Saudiyya Turki Al-Sheikh ya sayi Al Assiouty a 2018, ya sauya mata suna zuwa Pyramids, ya mayar da ita Alƙahira, ga shi a 2025 ta zama zakarar Afirka. Sai dai a duba da kyau. Kwara United tsohuwar ƙungiyar Ilori ce, da magoya bayanta a ƙasa, gurbi kawai ta rasa. Nasarawa United ta shafe sama da shekara 20 a gari guda kafin ta zama abin da ta zama. Pyramids kuwa, duk da kofin Afirka da ta ɗauka, har yanzu ba ta kama ƙafar Al Ahly ko Zamalek a yawan masoya ba, mutanen garin da aka ɗauko ta kuma an bar su hannu rabbana.

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya ya leƙa Afirka ta Kudu, inda cinikin gurbi ya zama ruwan dare. Bidvest Wits, da aka kafa a 1921, ta ci gasar ƙasar a 2017, aka sayar da ita a 2020 tana da shekara 99, sunanta ya ɓace daga babbar gasa. Bloemfontein Celtic, wadda duk ƙasar ta san magoya bayanta da waƙa da cika fili, an sayar da ita a 2021, aka kai gurbin lardin KwaZulu-Natal da sunan Royal AM. A 2025 aka kori Royal AM daga gasar, bayan rikicin haraji ya rutsa da mai ita. Bloemfontein ta rasa ƙungiyarta, waɗanda aka kai wa ma ba su tsira da komai ba.

Mu dawo gida. Abin da Abuja ta rasa ya fi gurbi zurfi, kuma hukumar gasar da kanta ta taɓa nuna mana haka. A watan Afrilun 2022, bayan da wasu 'yan kallo suka farfasa motar Katsina United a filin Sani Abacha da ke Kano, an ci Kano Pillars tarar naira miliyan 9, aka zabtare mata maki 3, sannan aka ce ta koma filin Moshood Abiola na Abuja da wasanninta na gida. Ku lura, masu sauraro: da aka tashi hukunta Pillars, wato Sai Masu Gida, aka nemi wurin da za a raba ta da jama'arta, babban filin ƙasa aka zaɓa. Ƙungiyar da ta ci gasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, wadda ke cika fili maƙil a Ƙofar Mata, in ta zo Abuja baƙuwa ce. Ina ga wata da za a sayo daga wani gari, a sauya mata suna da riga?

Ba wai mutanen Abuja ba sa son ƙwallo ba ne. Ranar 29 ga Maris 2022, da Super Eagles ta kara da Ghana, filin nan ya cika ya batse. Ranar Asabar kuma ka shiga kowane gidan kallo a Karu, Lugbe ko Gwagwalada, ba za ka samu wurin zama ba. Matsalar ita ce masu son ƙwallon suna zaune ne a garuruwan gefe, babban filin kuma yana bakin ƙofar birni a hanyar filin jirgin sama. Lebura ko ɗan acaɓa da ke Mararraba, sai ya haɗa mota biyu ko uku kafin ya isa, kuɗin motar ma ya fi na tikiti. Ƙungiyoyin da suka daɗe suna wakiltar birnin a ƙananan rukunai kuwa, irin su EFCC da FRSC, na hukumomin gwamnati ne. Suna ƙoƙari, suna fitar da yara, amma da wuya matashi ya ɗaura ɗamarar goyon bayan sunan ofis kamar yadda zai yi wa sunan unguwarsu.

Kuma in akwai birnin da ya kamata ya yi taka-tsantsan da ɗauke wa wasu abinsu, Abuja ce. Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin sun tashi daga gonakinsu da ƙauyukansu aka gina ta. Tsohon garin Abuja ya bar mata sunansa ya koma Suleja. Bai dace a ce ƙungiyar ƙwallonta ma sai an raba wani gari da tasa ba. Dashen da aka ciro ba da saiwarsa ba, ko an kafa shi a lambun sarki, ganyensa na 'yan kwanaki ne.

Hanyar da ta fi tsawo ita ce mai ɓullewa, kuma an bi ta a ƙasar nan. Remo Stars ta hau Firimiya ta faɗo har sau biyu, mai ita bai fasa ba, ya gina fili da makarantar horar da yara a ƙaramin garin Ikenne, a 2025 ta ɗauki kofin gasar. Attajirin da ke son Abuja ta samu ƙungiya, kuɗin da zai zuba a sayen gurbi ya kai su Kubwa, ko Bwari, ko Nyanya. Ya gyara fili madaidaici mai cin mutum dubu biyar zuwa goma, inda yaro zai taka da ƙafa ya je kallo. Ya sa wa ƙungiyar sunan wurin, ya ɗebi 'yan wasa daga gasar unguwanni da makarantu na ƙananan hukumomi shida na birnin, ya biya albashi a kan lokaci, ya yi haƙurin hawa daga rukuni zuwa rukuni. Hukumar birnin tarayya, wadda filaye ke hannunta, nata shi ne ta ba da wurin da hanyar zuwa.

Ga hukumar gasar Firimiya, NPFL, da NFF kuma, roƙona ɗaya ne, a rubuta shi cikin dokar gasa ƙarara. Mai kulob yana da 'yancin sayar da kulob ɗinsa ga duk wanda ya ga dama, amma wanda ya saya ya riƙe shi a garinsa, da sunansa, na wasu shekaru da doka za ta ƙayyade. In ba a samu mai saye a kan wannan sharaɗi ba, gurbin ya koma hannun hukuma, a ba ƙungiyar da ke biye a teburin rukuni na biyu. Ƙungiyar da ta faɗi kuwa, kowace ce, ko ta gwamna ce, a haramta mata sayen hanyar dawowa.