Injin da ke zuba magani a ruwan sha: a kafa shi da sanin zai lalace

A Sanyinna da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da tankinta na sama sun zama abin dogaro wajen ruwan sha. Matakin da masana lafiya ke so a ƙara shi ne sanya kulorin a ruwan, kuma akwai ƙaramin injin da ke ɗiga sinadarin da kansa gwargwadon awo. Shawara ce mai kyau, amma da sharaɗi: duk wanda zai kafa irin wannan inji ya fara da tambayar abin da zai faru ranar da ya lalace.

Masu kiwon murjani a akwatunan gilashi a Turai da Amurka sun daɗe da sanin amsar. Murjani halitta ce ta teku mai gina jikinta da kalsiyam, don haka sukan sa inji ya riƙa ɗiga sinadarai a ruwan kowace rana. Injin yakan lalace ta hanya biyu. Ko dai ya maƙale yana zuba har ya juye gorar duka, murjanin shekaru ya mutu a dare ɗaya, ko kuma ya tsaya shiru, ruwan ya riƙa lalacewa ba wanda ya lura.

Ruwan sha ya ga duka biyun. A watan Mayun 1992, a ƙauyen Hooper Bay na jihar Alaska a Amurka, na'urar zuba fuloraid ta wuce awo. Mutum kusan 300 suka kamu da ciwo, ɗaya ya rasu. Tsayawar shiru kuwa ita ce ta fi barazana a nan. A 2021 Najeriya ta samu mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da cutar ta taɓa. Injin da ya tsaya ya fi rashin inji haɗari, domin matar da a da take tafasa ruwan yaranta ta daina, tana zaton an riga an tsabtace shi.

Kariya ta farko lissafi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kulorin a miligiram 5 cikin kowace lita. Cikakken tanki mai lita 10,000 yana buƙatar giram 10 don ya kai miligiram 1, giram 50 kuma ya kai shi iyaka. Idan gorar sinadari ba ta ɗauke da fiye da na kwana biyu ko uku, ko injin ya juye ta duka, ɓarnar ba za ta yi nisa ba. Cika gora da na wata guda don rage zirga-zirga shi ne kuskuren.

Ta biyu, a haɗa wutar injin da ta famfon da ke ɗago ruwa, ta yadda idan hadari ko ƙurar hunturu ta rage ƙarfin rana ruwa ya tsaya, sinadarin ma ya tsaya. A kuma ajiye gorar ƙasa da inda bututunta ke shiga ruwan, don kada ya riƙa zuƙo sinadari bayan an kashe inji.

Ta uku mutum ne. Akwai ƙwayar gwaji mai araha da ke mayar da ruwa ruwan hoda idan da kulorin a ciki. Abin nema a bakin famfo shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5. A ɗora wa mutum guda, wanda kwamitin ruwa ya san sunansa, gwajin kowace safiya, ya rubuta a littafi, ya kuma ja layi a jikin gorar don a ga ko tana raguwa.

Za a ce wannan ya rage amfanin injin, tunda sai an tsare shi. Haka ne, kuma kuɗin wannan tsaron ya kamata ya shiga kwangila tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar da ba ta tanadi ƙwayar gwaji da alawus ɗin mai gwaji ba, gara ta jinkirta kafa injin, ta faɗa wa jama'a su ci gaba da tafasa ruwansu.