Ƙin Cin Abinci Ba Shagwaɓa Ba Ce, Akwai Gado A Ciki



A gidajenmu, idan yarinya ta fara ƙin abinci tana ramewa, bayaninmu bai wuce uku ba: shagwaɓa, iska, ko kwaikwayon Turawa. Daga nan sai faɗa, sai ɗure, sai a sayo mata maganin ƙiba a kemis. Ra'ayinmu shi ne muna cutar da yaran nan, domin abin da ke damun wasunsu ciwo ne da likitoci ke kira anoreksiya, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da shi daga gado yake fitowa. A 2019 mujallar Nature Genetics ta buga nazarin da Farfesa Cynthia Bulik ke cikin jagororinsa, inda aka duba ƙwayoyin halittar masu ciwon kusan 17,000. An gano wurare 8 da ke da alaƙa da shi, aka kuma ga cewa lamarin ya shafi har yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse, bai tsaya ga tunani ba.

Wani zai ce tunda gado ne sai a bar wa Allah. A'a. Gado busasshiyar ciyawa ce, sai an kawo ashana take kamawa. A tsibirin Fiji, inda ake son mace mai jiki kamar yadda muke so, talabijin ya isa wani yanki a 1995. Zuwa 1998 masu bincike sun tarar 'yan mata sun fara janyo amai don su rage ƙiba, abin da ba su gani ba a zuwansu na farko. Mu yau TikTok da tallan shayin rage tumbi suna hannun kowace budurwa.

Don haka mu daina tsokanar yara da girman jikinsu, ko ƙiba ko rama. Gidan da aka taɓa ganin irin wannan ciwo, a ƙara sa ido. Idan yaro ko yarinya na ɓoye abinci, ko shiga banɗaki da zarar an gama ci, a je asibiti da wuri. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Iyaye, wannan ba gazawar tarbiyyarku ba ce, kuma ba laifin yarinyar ba ne. Ciwo ne, ana kuma warkewa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun ji ra'ayoyinku.