Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa (NITDA)

Ranka ya daɗe,

Ina roƙon ka dubi halin matasanmu masu digirin digirgir a fannin ƙirƙirarriyar basira. Manyan kamfanonin ƙetare na rububinsu. Google ma ya buɗe cibiyar bincikensa a Accra tun 2019. A gida kuwa, za ka tarar da mai wannan digiri yana duba takardun ɗalibai da fitilar waya, babu wuta, babu manyan kwamfutocin horas da manhaja.

Hukumarku ta kafa cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta NCAIR a Abuja a 2020. Ku samar mata da guraben bincike na dindindin masu albashi mai tsoka, ku haɗa ta da jami'o'inmu domin ayyukan harsunanmu, noma da lafiya. Don Allah a riƙe waɗannan matasa tun ba su fice ba.

Wassalam.