Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Waje Na Wancan Lokaci, Ambasada Yusuf Maitama Tuggar: A San Abin Da Ke Ƙetare Iyakar Nijar Kafin A Sake Taɓa Ta

Mai girma Minista,

Ni malamin makaranta ne a Jibiya, ina koyar da ilimin tattalin arziki a sakandare. Mahaifina Bakatsine ne, mahaifiyata kuwa daga wani ƙauye ta fito kusa da Madarunfa a ƙasar Maraɗi. In hanya a buɗe take, nakan ci tuwon safe a gidanmu in yi sallar azahar a ƙofar gidan kakannina. Na rubuto maka da Hausa domin na san ba ka buƙatar tafinta, kuma domin maganar da na kawo, da Hausa ake yin ta kullum a kasuwa da tasha da bakin shinge.

Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka ba da wa'adin mako guda, suka rufe iyakoki, suka hana jirage shiga, suka daskarar da kuɗaɗen Nijar. Ba a jima ba Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga wurinmu take zuwa. Ranar 10 ga Agusta aka ce a shirya rundunar ko-ta-kwana. A lokacin ba ka riga ka hau wannan kujera ba, don haka ban ɗora maka alhakin hukuncin ba. Sai dai kai ka gaji ɗawainiyarsa, shi ya sa tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya na kawo gabanka. Tsakanin juyin mulki da takunkumi kwana huɗu ne kacal. A cikin kwanakin nan huɗu, wace takarda ce aka ajiye a gaban shugabanni da ke bayyana abin da rufe iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500 zai yi wa Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno? Wa ya ƙirga musu buhunan hatsi da kawunan dabbobi da ke bi ta Illela da Kamba da Kwangwalam da Maigatari a kowane mako?

Mu dai mun ga abin da ya biyo baya da idonmu. Manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin iyaka har kayan gwari suka ruɓe a ciki. 'Yan dako da 'yan kamasho da masu sayar da abinci a tasha suka wayi gari ba na cefane. Ciniki kuwa bai tsaya ba, daji ya koma, a bayan babura, kowane shinge da nasa kuɗin goro, farashin ya ninka a kan talakan da zai saya. A cikin daminar nan ƙanwar mahaifiyata ta rasu. Mahaifiyata, tsohuwa mai ciwon ƙafa, a bayan babur ta ratsa gonaki da taɓo kafin ta isa zaman makoki, ta dawo ta kwanta jinya ta mako uku. Na san wannan ƙaramin abu ne a ma'aunin siyasar duniya, amma gidaje dubbai a wannan layi suna da irin wannan labari.

Ranka ya daɗe, kada a fahimce ni a matsayin mai kare juyin mulki. Ba na goyon bayan soja ya ƙwace mulki da bindiga, kuma tsare Bazoum da maiɗakinsa fiye da shekara biyu ba tare da shari'a ba zalunci ne. Magana ta a kan magani take, ko ya yi wa cutar aiki. Bazoum bai koma kujerarsa ba. A watan Satumba na 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES. A watan Janairu na 2024 suka ce sun fice daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage takunkumin ba tare da an samu ko ɗaya daga cikin abin da aka nema ba, bayan Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, ya fito fili ya roƙi a sassauta. Ranar 29 ga Janairu, 2025 ficewar ta tabbata. Sojojin Faransa sun tafi, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas, masu horar da soja daga Rasha sun iso Yamai. A watan Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. A daidai wannan tsakani ne 'yan bindigar Lakurawa suka ƙara kafa ƙafa a Tangaza da Gudu har suka taɓa Kebbi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ya tsage ɗin namu ne mu biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗanda suka san wurin sun yi magana tun da wuri. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yaƙi. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi sun yi tattaki zuwa Yamai. Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya samu ganin Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki, a lokacin da ƙofa ke rufe ga manyan jami'ai, daga baya ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka bi. Waɗannan mutane zumunci ne ya buɗe musu ƙofa, zumuncin da ya girmi layin da Ingila da Faransa suka shata a kan taswira. Sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce, ta Tsibiri ta Gobirawa ce. Duk wanda ya san wannan ba zai yi zaton yunwa da duhu za su sa mutanen Nijar su juya wa sojojinsu baya ba. Abin da ya faru shi ne, sun juya mana baya mu, sojojin kuma suka samu wanda za su nuna da yatsa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Batun wutar ma yana da nasa tsawon. Kogin Kwara ta Yamai yake biyowa kafin ya iso madatsar Kainji. Shekara da shekaru muna sayar wa Nijar wuta, kuma hakan ya rage mata gaggawar tare ruwan daga sama. Ranar da muka nuna cewa muna iya kashe makunni saboda siyasa, mun ba kowace gwamnati da za ta zo a Yamai, ta soja ko ta farar hula, hujjar hanzarta madatsar Kandaji da neman wuta daga wani wurin. An mayar da wutar, amma amanar ba a mayar da ita da latsa makunni.

Bari in dawo fagen da na fi sani. Alƙaluman ciniki da hukumomi ke fitarwa suna nuna Nijar tamkar ƙaramar abokiyar hulɗa ce, domin abin da ya bi ta takardar kwastan kawai suke gani. Mafi yawan cinikin ba ya bi ta nan. Raguna da shanu da raƙuma, wake da albasa da aya da dabino da kanwa suna gangarowa kudu. Gero da dawa da masara, kayan robobi da sabulu da atamfa suna haurawa arewa. Kasuwar Dawanau a Kano ita ce ke saka wa tiyar gero farashi har Damagaram da Tawa, kuma yunwar da ta afka wa Nijar a 2005 ta nuna haka a fili, domin tsadar hatsi a kasuwanninmu na daga cikin abin da ya hura wutarta. Sannan ga batun canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro. Naira kuwa, daga lokacin da aka sake ta a watan Yuni na 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mai riƙe da jakar sefa ya wayi gari hatsinmu ya zame masa arha, mai riƙe da naira kuma ragon Nijar ya fi ƙarfinsa. An cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ribar fito da mai ta ragu, samari da yawa a garuruwan iyaka suka rasa abin yi. Duk waɗannan sauye-sauye sun haɗu da rufe iyaka a cikin wata uku. Ban ji wata hukuma da ta zauna ta auna yadda suka haɗu suka danne gida ɗaya ba.

Kuma ba mu kaɗai muke yanke hukunci a makance ba. A watan Oktoba na 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A watan Mayu na 2025, ana daf da Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi, makiyayinta ya rasa mai saye da daraja, magidancinmu ya rasa ragon layya. Mu ma mun rufe iyakokinmu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 saboda shinkafa. Kowane ɓangare yana jan igiya ba tare da ya duba wuyan wa take shaƙewa ba.

Ilimin nan fa akwai shi, ba daga sama za a faro ba. Tun 1986 Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi da yadda arzikinsu ya ginu a kan cinikin Najeriya. Ba'amurke William Miles ya zauna a ƙauyukan Yardaji da Yekuwa, ɗaya a nan ɗaya a can, ya rubuta yadda iyaka ta raba Hausawa. A 1999 Yahaya Hashim da Kate Meagher suka fitar da nazari a kan 'yan canjin Kano da cinikin ƙetare. Muna da Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje a Legas tun 1961, muna da ta nazarin manufofi a Kuru tun 1979, muna da ta binciken tattalin arziki a Ibadan. Ina girmama su, amma daga Legas zuwa Illela tafiya ce mai nisa, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. A jami'o'in Sakkwato da Katsina da Kano da Maiduguri, da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi da Damagaram, akwai malamai da ɗalibai da aka haifa a bakin wannan iyaka, suna rubuta kundin digiri a kanta, kundin yana ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura.

Don haka roƙona na farko shi ne ma'aikatarka ta sa a yi bincike na gaskiya a kan takunkumin 2023: me aka yi hasashe, me ya faru, nawa jihohin iyaka suka yi asara, sannan a wallafa sakamakon kowa ya gani. Ba don a kunyata kowa nake neman haka ba. Juyin mulki bai ƙare a yankinmu ba, kuma wata rana za a sake zama a Abuja cikin fushi da gaggawa. Ina so ranar nan a samu takarda a kan tebur.

Na ji daɗin zuwanka Yamai a watan Afrilu na 2025, da zaman da ka yi da takwaranka Bakary Yaou Sangaré, da shawarar farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971. A ƙarƙashin wannan hukuma nake ganin ya dace a kafa sashen bincike na dindindin, wanda jami'o'in ɓangarorin biyu za su riƙe, da ɗalibai a manyan kasuwanni suna rubuta farashin tiya da na rago da na canji da yawan motocin da suka ƙetare a kowace ranar kasuwa. Kuɗin da zai ci bai kai na gina kilomita ɗaya na layin dogon Kano zuwa Maraɗi ba. Shi kansa layin dogon, mai tsawon kilomita 284, da bututun iskar gas da ake burin ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya, wane lissafi za a dogara da shi a kansu idan ba mu san girman cinikin da ke ƙasa ba?

Akwai kuma abin da ke hana mu barci. Yarjejeniyar 1979 ita ce ta ba ɗan ECOWAS damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Yanzu Nijar ta fita. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirga har sai an yanke wata shawara, AES kuma ta fitar da nata fasfo, ta kuma saka harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigo mata daga waje. Wato zuwan mahaifiyata gidan ubanta ya rataya a kan sanarwar wucin gadi. Muna buƙatar yarjejeniya rubutacciya tsakanin Abuja da Yamai kai tsaye, wadda za ta tabbatar da zirga-zirgar mazauna iyaka, ta wajabta wa kowane ɓangare ya ba da sanarwa da wuri kafin ya hana fitar da hatsi ko dabba, ta kuma cire abinci da magani da wuta daga duk wata rigima ta siyasa da za ta taso nan gaba.

Duk abin da aka gano, a faɗe shi da Hausa. A watan Disamba na 2024, da Janar Tchiani ya tashi zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, da Hausa ya yi, kafin gari ya waye maganar ta shiga kowace waya daga Dosso zuwa Daura. Malam Nuhu Ribadu, mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, shi ma da Hausa ya ba shi amsa, domin babu wata hanyar. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Rahoton da aka rubuta da Turanci aka kulle a durowa a Abuja ba zai kai kunnen dillalin shanu ba, alhali shi ne zai fara gaya maka inda lissafin ya kuskure.

Kasuwar Maigatari ran Alhamis take ci. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka ware Alhamis guda ka zo ba tare da dogon ayari ba, ka taho da mutum biyu ko uku daga cikin masu rubuta maka shawara, su zauna a rumfar dillalai daga hantsi zuwa la'asar da littafi da biro a hannu. Idan Jibiya ta fi maka kusa, ɗalibaina sun fara rubuta farashin hatsi da na canjin sefa a cikin littafin aji tun zangon da ya wuce, za mu kawo maka shi.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Jibiya, Jihar Katsina