Hangen Dala ba shiga birni ba: maganar robon tiyata da ƙasar Kurfai



Kwanakin ga wani bidiyo yana ta yawo cikin gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp: inji mai hannu huɗu yana yi ma mutum aiki a ciki, ta ƴan ƙananan ramuka, ba tare da an tsaga shi ba. Ƙarƙashin bidiyon sai ka ga an rubuta: "Ga abin da za ya fid da mutanen ƙauye daga rashin likitoci." Wasu har sun fara cewa a tara murya a roƙi hukuma ta kawo irinsa Filinge. Ni dai na ce a'a, kuma ga dalilina.

Da farko mu san mi ake kira robon tiyata. Wanda ya fi suna shi ne da Vinci, na kamfanin Intuitive Surgical na ƙasar Amurka, wanda hukumar can ta amince da shi a shekarar 2000. Wanga inji ba ya aiki da kansa ko na minti ɗaya. Likita ne ke zaune gefe, idonsa cikin madubin kyamara, yana motsa yatsunsa, hannuwan injin suna bin abin da ya yi. Kusa da marar lafiya kuma dole a samu wani likita mai taimako, da mai allurar barci, da ma'aikatan ɗakin aiki da sunka koyi injin. Kenan robo ba ya rage buƙatar ma'aikata, ƙara ta yake yi. Wanda ya ce maka inji za ya maye gurbin likitan da babu, ya ruɗe ka.

Sai kuɗi. Injin guda yana kai dalar Amurka miliyon 2, wato ya zarce miliyar ɗaya na sefa. Kowace shekara akwai kuɗin kula da shi, sama da dala dubu 100. Almakashi da ƴan awartakin da ake ɗaura masa suna da ƙidaya, da yawansu in an yi aiki da su kamar sau goma sai injin ya ƙi karɓarsu, dole a sayo sabbi daga waje. To wa za ya biya? Manomin Shikal da ke sayar da akuya don ya sayi ardonas?

Wani za ya ce: ai likitan yana iya zama Yamai ko Faransa ya yi aikin ta intanet. Gaskiya an taɓa yi. Ranar 7 ga Satumba 2001, Farfesa Jacques Marescaux yana birnin New York ya cire ma wata mata matsarmama tana kwance a Strasbourg. Amma a tambayi yadda anka yi: layin waya na musamman anka keɓe musu, wanda ba ya yankewa, kuma likitoci suna tsaye kan matar, a shirye su karɓi aikin in abu ya ɓaci. Mu nan da rezo ke ɗaukewa tsakiyar gaisuwa, sai an hau tudu a ce "alo, kana ji na?", da shi za a riƙe wuƙa cikin cikin mutum? Ga kuma wuta. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke kuran ɗin da ƙasarmu ta dogara da shi, har Yamai ta kwana cikin duhu.

Kuma kada a ɗauka robo ya fi hannun likita a kowane aiki. A 2017 an fid da sakamakon wani babban gwaji mai suna ROLARR, kan masu ciwon daji na ƙarshen hanji, inda anka gwada robo da aikin kyamara na hannu, wanda likitocinmu ke ce ma seliyoskopi. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen yawan waɗanda dole anka koma tsaga cikinsu. Amfanin ƙananan ramuka, wato ƙarancin zubar jini da saurin tashi, yawancinsa ana samunsa ko babu robo.

Yanzu mu dawo gida. Mi ke kashe mutane a ƙauyukanmu cikin abin da tiyata ke iya tsaidawa? Mace ce mai naƙuda kwana biyu, ɗa ya gicce. Mai jego ce da jini ya ɓalle mata. Yaro ne da taifod ta huda ma hanji. Tsoho ne da gwaiwarsa ta shaƙe cikin dare. Saurayi ne da mota ta karya. Ba ɗaya cikinsu da ke jiran robo. Abin da suke jira shi ne mota, da jini, da wuta, da likitan da ke nan lokacin da sunka iso.

A 2015 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce mutum miliyar 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya. Ya kuma aza ma'auni mai sauƙi: kowa ya iya kaiwa cikin awa biyu wurin da ake ayyuka uku, sezariyan, buɗe ciki na gaggawa, da gyaran karayar da ƙashi ya fito. Mu auna kanmu da wanga ma'auni. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Kafin nan mai ciwo ya fito daga ƙauye da amalanken jaki cikin rairayin Dallol, ya kai CSI, majo ya duba ya ce a wuce gaba. Tun 2020 kuma da matsalar tsaro ta sa anka hana moto a sassa da yawa na jihar Tilaberi, tafiyar dare ta ƙara zama abin tsoro. Awa biyun ga, ina take?

Abin takaici, ƙasarmu ta riga ta san hanya. Tun shekarun 2000 Nijar ta fara horar da likitoci na gama-gari su koyi tiyatar gaggawa don asibitocin distirik, kuma Farfesa Rachid Sani da abokan aikinsa sun rubuta amfanin da abin ya yi. A 2005 anka ce sezariyan kyauta ce. Waɗannan su ne manyan shawarwari, ba mai ɗaukar su bidiyo, amma mata nawa ne ke raye yau saboda su? Matsalar ita ce riƙo: kyauta a takarda, amma in kuɗin da gwamnati za ta mayar ma asibitoci sun makara, sai ka ga an miƙa ma dangi ardonas.

Kada a ji ni ba daidai ba. Ban ce Bakurfaye bai cancanci aikin zamani ba. Ruwanda ta buɗe cibiyar IRCAD a Kigali a 2023 don koya ma likitocin Afirka aikin ƙananan ramuka, kuma ya dace a tura yaranmu can. In wata rana za a sayi robo, wurinsa babban asibitin Yamai, Hôpital Général de Référence, inda ƙwararru da masu ciwo ke taruwa daga ko'ina. Daga nan seliyoskopi ta sauko asibitocin jiha. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da na ƙi shi ne halin nan namu na sayen babban inji a yanke kyalle, a yi hoto, bayan wata shida a lulluɓe shi da zane saboda wani ɗan ƙarfe ya lalace kuma mai gyara yana Turai.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu tambayi magajin gari, da shugabannin kiwon lafiya na distirik, da duk wanda ya zo neman goyon bayanmu. Likita nawa ke iya sezariyan da ƙarfe biyu na dare, kuma in ɗaya ya yi tafiya wa ke riƙe wurin? Mai allurar barci nawa? Leda nawa ta jini ke cikin firigo yau? In kuran ya ɗauke, akwai gazuwal cikin gurup ko hasken rana da batir? Ambilans nawa ke tashi, kuma wa ke biyan mai? A rubuta amsoshin a liƙa a ƙofa, a karanta su a rediyo kowane wata.

Mu ma da namu. Ƴan Kurfai da ke Yamai, Kwatano, Legas da Abijan, kuɗin da ake tarawa don biki ɗaya yana iya sa panon hasken rana a ɗakin haihuwa. Matasa, ba da jini bai rage ƙarfin kowa ba. Magidanta, in naƙuda ta wuce yini, kada a tsaya jiran rubutu da jiƙo, a ɗauke ta tun da rana.

Wanda bai yarda da ni ba, ga wurin sharhi nan, ya zo da hujja. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi sauki matanmu lafiya.